Shin rera waƙoƙin soyayyar Italiya na zamanin Dante ake yi, ko karanta su kawai?

Ɗalibar Adabi ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman ƙarin haske a kan waƙoƙin soyayya da aka rubuta a Italiya a ƙarni na 13 da na 14, tun daga mawaƙan fadar Sisiliya har zuwa kan Dante da Petrarka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a cikin waƙoƙin nan mawaƙi yakan ce soyayya ce ta sa shi rerawa, a baitin ƙarshe kuma yakan juya ya yi wa waƙar tasa magana, ya aike ta wurin masoyiya, amma littattafan tarihin adabi suna nanata cewa a Italiya ne, kuma a daidai wannan zamani ne, waƙa ta rabu da kiɗa ta koma abin karantawa a takarda. A wurinmu, rubutacciyar waƙa ko da babu ganga babu goge ba ta cika waƙa sai an rera ta, kuma marubucinta da karin a bakinsa yake tsara ta, shi ya sa waƙar da aka yi don ido kaɗai take yi mini wuyar fahimta. Shin da gaske ba a rera waɗannan waƙoƙi? Idan kuwa ba a rera su, me masana suke nufi sa'ad da suke yabon kiɗan da ke cikin baitocin Petrarka? Na gode.

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kin taɓo wurin da masana suka daɗe suna ja-in-ja a kai, kuma zan kawo miki ɓangaren da na fi karkata gare shi tare da hujjojinsa.

Daga kudancin Faransa salon ya taso. Mawaƙan da ake kira turubado, waɗanda suka yi tashe tun farkon ƙarni na 12, suna tsara waƙar soyayya da harshen Oksitan, kuma tasu waƙar ta rerawa ce a gaban jama'a a gidajen sarauta. Sau da yawa mutum guda ne yake tsara kalmomin ya kuma ɗora musu kari, wani lokaci ya miƙa wa mawaƙi mai yawo ya kai ta gari-gari. Waƙoƙinsu kimanin 2,500 ne suka iso gare mu, kuma wajen kashi ɗaya cikin goma sun zo da karinsu a rubuce da alamomin kiɗa, har yau ana iya rera su.

A wajajen 1230 sai wasu ma'aikatan fadar Sarki Firedirik na Biyu, wanda ya mulki Sisiliya da kudancin Italiya har rasuwarsa a 1250, suka ɗauko wannan salo suka zuba shi cikin harshensu. Ki duba ko su wane ne. Giacomo da Lentini magatakarda ne mai rubuta takardun shari'a da na yarjejeniya, har da laƙabin aikin nasa yake ambaton kansa a ƙarshen waƙa. Guido delle Colonne alƙali ne a Messina. Pier della Vigna kuwa shi ne babban marubucin wasiƙun sarki kuma na hannun damansa. Duk mutanen alƙalami ne da suka yi karatun shari'a da balagar Latin, ba da waƙa suke ci ba, kuma ba su da buƙatar tsayawa gaban wani basarake su burge shi da murya domin a ba su riga ko doki.

Waƙoƙinsu sun iso gare mu ne ta manyan kundaye uku da aka kwafa a yankin Toskana, a tsakiyar Italiya, a ƙarshen ƙarni na 13. Mafi girma a cikinsu yana ɗakin karatu na Batikan, mai lamba 3793, kuma yana ɗauke da waƙoƙi kusan 1,000. Babu alamar kiɗa ko ɗaya a cikin kundayen nan uku. Akwai kuma wata shaida da nake ganin ta fi wannan ƙarfi, ko da yake ba a cika lura da ita ba. Masu kwafa na Toskana sun sauya wasulan harshen Sisiliya zuwa nasu, sai kalmomin da suke amsa juna daidai a bakin mutumin Sisiliya, irin *aviri* da *sirviri*, suka koma *avere* da *servire*, amsa-amon ya karkace. Mawaƙan Toskana da suka biyo baya suka ɗauka haka magabata suka halatta, har suka riƙa yin irin wannan karkataccen amsa-amo da gangan. Da ta kunne waƙoƙin suka riske su, daga bakin mawaƙin da ya koyo su a Palermo ko Messina, da wannan ruɗani bai samu gindin zama ba.

Sai kuma sonetto, waƙar ɗango 14 da aka raba takwas da shida, wadda galibin masana suke jingina ƙirƙirarta ga Giacomo da Lentini. Tun farkonta ta zama hanyar musayar ra'ayi tsakanin masu ilimi: Jacopo Mostacci ya rubuta guda yana tambayar mene ne haƙiƙanin soyayya, Pier della Vigna da Giacomo suka ba shi amsa kowa da tasa. A Toskana al'adar ta ƙara tsauri, mai ba da amsa yakan yi amfani da amsa-amon wanda ya aiko masa, kamar yadda Guido Cavalcanti ya yi wa matashi Dante. Wannan aiki ne na mai takarda a gabansa.

Saboda irin waɗannan dalilai ne masani Aurelio Roncaglia, a wata maƙala ta 1978, ya kira lamarin mutuwar aure tsakanin kiɗa da waƙa. A ganina wannan rabuwa ce ta ba waƙar Italiya zurfinta, domin da kari ya daina tallafar kalmomi, dole kalmomin suka ɗauki nauyin kansu, tunani ya ƙara kauri, jimla ta ƙara tsawo, har aka kai ga waƙar da sai an maimaita karatunta kafin a gane inda ta dosa.

Mai Sauraro ya amsa:

Allah ya gafarta Malam, duk abin da ka kawo game da kundayen gaskiya ne, amma ina neman izini in saɓa maka a kan hukuncin da aka ɗora a kansu.

Rashin alamar kiɗa a kundi ba ya nuna rashin rerawa. Rubuta kari a wancan zamani sana'a ce ta daban, mafi yawan waɗanda suka iya ta mutanen coci ne, kuma tana cin fata da kuɗi. Waƙoƙin turubado da babu mai shakkar cewa rera su ake yi, kashi tara cikin goma ba su zo da kari ba, kuma da yawa daga kundayensu a arewacin Italiya aka kwafe su, galibinsu kalmomi zalla. Ashe al'adar masu kwafa na Italiya ce su tara kalmomi su bar kari a bakin mutane. A tsohon kundin da ke Assisi mai ɗauke da waƙar yabon halittu ta Waliyyi Faransis, wadda ya tsara a wajajen 1224 zuwa 1225, an bar gurbin da za a rubuta kari, amma ba a cike shi ba. Wato dai karin yana nan a lokacin, mai rubuta shi ne bai zo ba. A 1999 kuma Alfredo Stussi ya wallafa wata waƙar soyayya da aka samu a bayan wata tsohuwar takardar yarjejeniya ta fata a Ravenna, wadda aka ƙiyasta an rubuta tsakanin 1180 da 1210, tun kafin mawaƙan Sisiliya, kuma a jikin fatar akwai alamomin kiɗa. Ana muhawara a kan yadda alamomin suke hawa kan kalmomin, amma samuwarsu a wuri ɗaya ta sa masana da dama sake duba maganar mutuwar auren.

Babbar hujjata kuwa Dante ne da kansa. A littafinsa na ƙuruciya, *Vita Nova*, da masoyiyarsa Beatrice ta daina gaishe shi, ya ce Soyayya ta zo masa a mafarki ta umarce shi ya tsara waƙar neman afuwa, ta kuma ce ya sa a ƙawata ta da kari mai daɗi kafin a kai ta. A lura, ba a ce ya ƙawata ta da kansa ba, cewa aka yi ya sa a yi. A wata sonetto da ya aika wa abokinsa Lippo, ya haɗa da baiti guda na wata waƙa, ya kwatanta baitin da yarinyar da ba ta da sutura, yana roƙon abokin ya tufatar da ita, kuma galibin masu sharhi sun fahimci suturar nan a matsayin kari.

Sai labarin Casella, a waƙa ta biyu ta kashi na biyu na *Komediya*. Dante ya iso bakin teku a gindin dutsen da rayuka suke tsarkaka a kansa bisa aƙidar Katolika, sai ga jirgin ruwa ya sauke sababbin mamata, a cikinsu har da abokinsa Casella mawaƙi. Sau uku Dante ya kai hannu zai rungume shi, sau uku hannuwan suka dawo ƙirjinsa babu kowa. Bayan sun gaisa, abin da ya roƙa shi ne, in dokar wannan sabon wuri ba ta raba shi da waƙar soyayyar da ta saba kwantar masa da hankali ba, ya ɗan rera masa. Casella ya ɗauko waƙar Dante kansa, *Amor che ne la mente mi ragiona*, doguwar waƙa mai baitoci da yawa irin wadda suke kira canzone, mai zurfin ma'ana, ya rera ta da daɗin da ya sa Dante da jagoransa Birjil da sauran rayukan suka tsaya cik kamar ba su da wani abin yi, har sai da dattijo Kato mai tsaron wurin ya daka musu tsawa suka watse suka nufi dutsen. Dante yana rubuta wa mutanen da suka san yadda ake yi da waƙa a garinsu Fulorans, ba zai sa musu a gaba abin da ba su taɓa ji ba. A wani kundin Batikan ma an rubuta a saman wata gajeriyar waƙa ta Lemmo da Pistoia cewa Casella ne ya ba ta sauti.

Yadda aikin yake gudana kuwa marubuci Bokacco ya nuna shi filla-filla a labari na bakwai na rana ta goma a littafinsa na labarai, *Decameron*. Lisa, 'yar wani mai sayar da magunguna a Palermo, ta hango Sarki Bitrus na Aragon a wajen wasan dawaki, son shi ya kama ta har ta kwanta ciwo. Ta sa aka kira mata Minuccio d'Arezzo, gwanin mawaƙi da ke shiga fada, ta gaya masa sirrinta. Minuccio bai zauna ya tsara kalmomi da kansa ba, sai ya tafi wurin Mico da Siena, wanda ya iya tsara baiti, ya roƙe shi ya rubuta, sannan shi ya ɗora kari mai taushi da ban tausayi, ya ɗauki gogensa ya je ya rera a gaban sarki yana kan cin abinci. Da sarki ya tambayi inda waƙar ta fito, ya ce ko kwana uku ba a yi ba da yin kalmomin da sautin. Labari ne ƙagagge, amma al'adar da ke cikinsa ta gaske ce.

Don haka ni ban ga mutuwar aure ba, rabon aiki na gani, irin na masaƙi da maɗinki: wannan ya saƙa, wancan ya ɗinka, kuma akwai ƙyallen da yake ƙarewa a adaka ba a taɓa kai shi wurin maɗinki ba. Abin da ya sauya daga zamanin turubado shi ne, kari ya daina zama sharaɗin cikar waƙa.

Ɗalibar Adabi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba Malam, na gode Yaya Mai Sauraro. Na fahimci cewa kun haɗu a kan abu guda, wato mawaƙin Italiya yana iya gama waƙarsa ba tare da kari ba, saɓaninku a kan yawan waɗanda aka ɗora wa kari daga baya ne. Saura rabin tambayata na biyu. Waƙar da ta tsaya a takarda, a ina kiɗanta yake, kuma yaya wanda ya saba da awon waƙar Hausa zai ji shi?

Tsohon Malami ya amsa:

Hujjojin ɗan'uwana Mai Sauraro masu nauyi ne, musamman ta kundayen turubado, kuma na karɓi kalmarsa ta rabon aiki a kan ballata, wato waƙar rawa mai amshi, da gajerun waƙoƙi. A kan doguwar canzone ne nake nan a kan bakana, kuma amsar tambayarki ta biyu za ta nuna dalili.

Ki fara ajiye ma'aunin da kika saba da shi. Karin rubutacciyar waƙar Hausa, kamar arulin Larabci, a kan nauyin gaɓa yake tafiya, doguwa da gajera suna bin juna bisa tsari. Waƙar Italiya ƙidayar gaɓoɓi take yi, sannan ta lura da inda murya take dannawa. Ɗangon da ya fi daraja a wurinsu shi ne endecasillabo, mai gaɓa 11 a mafi yawan lokuta, wanda dole murya ta danna a gaɓa ta goma, sannan ta danna a ta huɗu ko ta shida, sauran wuraren kuwa an bar wa mawaƙi. Wannan 'yanci ne yake sa ɗango biyu masu tsawo ɗaya su bambanta a tafiya, wani ya yi sauri wani ya yi nawa. Haka kuma idan kalma ta ƙare da wasali ta gaba ta fara da wasali, sukan narke su zama gaɓa guda, sai kalmomin su manne da juna, ɗango ya gudana babu tsayawa.

Ga ɗango biyu na farkon wata sonetto ta Petrarka, ki furta su a bayyane:

*Solo et pensoso i più deserti campi*
*vo mesurando a passi tardi et lenti*

Abin da yake cewa shi ne, shi kaɗai cikin tunani yake auna filayen da babu kowa da taku mai nauyi, sannu a hankali. A ɗango na biyu murya tana dannawa a gaɓa ta huɗu da ta shida da ta takwas da ta goma, *ran*, *pas*, *tar*, *len*, tazara ɗaya babu gaggawa, kuma kowace daga cikin gaɓoɓin nan huɗu a rufe take da baƙi, dole harshe ya ɗan dakata kafin ya wuce. Mai karatu yana jin takun mutumin kafin ya gama fahimtar ma'anar. A ɗango na farko kuwa wasalin *o* ne yake ta dawowa a kalmomin kaɗaici da tunani. Wannan shi ne kiɗan da masana suke nufi, kuma babu makaɗin da ya sa shi a wurin.

Sama da ɗango akwai ginin baiti. A littafin da Dante ya rubuta da Latin a kan fasahar harshen gida, a wajajen 1304 yana gudun hijira, wanda bai kammala ba, ya bayyana waƙa a matsayin ƙagaggen zance da aka tsara da balaga da kiɗa. Ya ce kowane baiti na canzone an gina shi ne domin ya karɓi kari, sannan ya rarraba shi: sashen farko yakan kasu gida biyu masu awo ɗaya, waɗanda kari guda zai hau sau biyu, daga nan sai a juya zuwa sashe na biyu mai nasa karin. Wani baitin kuma yakan tafi da kari ɗaya tun daga farko har ƙarshe babu maimaici, kamar yadda turubado Arnaut Daniel yake yi. Duk wannan harshen makaɗa ne. Amma a littafin nan dai Dante ya fifita canzone a kan ballata, dalilinsa kuwa shi ne canzone tana cika aikinta da kanta, ballata kuwa sai an samo mata masu rawa. Ya kuma ce babu mai busa ko mai kaɗa tsirkiya da yake kiran sautinsa canzone sai in an aura masa kalmomi, alhali mai tsara kalmomi yana kiran abin da ya rubuta canzone ko da yana kwance a takarda babu mai rera shi. Wato siffar kari ta zauna a cikin ginin baitin, ko an rera ko ba a rera ba, mai karatu yana jin maimaicin da juyin.

Wanda ya kai wannan fasaha maƙura shi ne Cavalcanti, wanda ya rasu a 1300, a waƙarsa *Donna me prega*, mai ɗango 75, inda yake bayanin soyayya da kalmomin masana falsafa: a ina take zaune, me ya haife ta, me take aikatawa. Kowane cikakken baiti yana da ɗango 14 da gaɓa 154, kuma 52 daga cikin gaɓoɓin suna cikin amsa-amo, domin bayan na ƙarshen ɗango ya cusa wasu a tsakiya. Ma'anar tana da tsauri har malamai suka yi ta rubuta mata sharhi, ciki har da likita Dino del Garbo da ya yi nasa da Latin, amma kunne yana samun abin riƙewa a kowane taku. A ganina waƙa irin wannan ta riga ta cika da nata sautin, duk karin da aka ɗora mata sai ya rufe wani abu.

Idan ta fassara kike karanta su, 'yata, ki riƙe gargaɗin Dante a littafinsa *Convivio*, inda ya ce duk abin da aka ɗaure da igiyar kiɗa ba ya ƙaura daga harshensa zuwa wani ba tare da zaƙinsa da daidaitonsa sun karye ba. Ki ajiye asalin Italiyancin kusa da fassarar, ki riƙa furta shi ko da ba ki gane kowace kalma ba. Rubutunsu yana bin furuci kusan kamar namu na boko, ba zai ba ki wuya ba.

Almajirin Aruli ya amsa:

Malamaina, ina da ɗan ƙari a kan ballata, domin ita ce kunnenmu zai fi saurin ganewa. Tana buɗewa da amshi, sai gida biyu masu awo ɗaya, sai juyi wanda ɗangonsa na ƙarshe yake komawa kan amsa-amon amshin, domin masu rawa su ji cewa lokacin karɓa ya yi. Duk wanda ya san waƙar ƙwar biyar, inda ɗango huɗu suke da nasu amsa-amon ciki, na biyar kuma ya koma kan babban amsa-amon da ya ratsa waƙar duka, zai gane dabarar nan take. Haka zajal da muwashshah, waƙoƙin Larabawan Andalus, suke.

Wannan kamanni ya sa wasu suke ganin daga Larabawa Italiya ta samo ta, suna kafa hujja da cewa Sisiliya ta yi fiye da ƙarni biyu a hannun Musulmi, ta haifi mawaƙa irin Ibn Hamdis na Siracusa, kuma a rufin cocin fada na Palermo, na ƙarni na 12, an zana makaɗa riƙe da udu, wanda shi ne kakan liuto na Turai. Ta fuskar kayan kiɗa, tasirin a bayyane yake. Ta fuskar ballata kuwa ina ganin a yi hattara, domin mawaƙan fadar Firedirik ba su yi tashe da ita ba. A Toskana da Umbriya da Bolonya ta bunƙasa a rabin ƙarshe na ƙarni na 13, kuma waƙoƙin Latin na coci ma suna da irin wannan gini. Magatakardan Bolonya sun riƙa cike guraben da suka rage a rajistar yarjejeniyoyi da baitoci, da yawansu ballata ne. A kundin Cortona kuma akwai waƙoƙin yabon addini 46 da karinsu a rubuce, galibinsu a kan ginin ballata, kuma su ne mafi kusa da abin da za mu iya ji na sautin waƙar Italiyanci a ƙarnin da aka haifi Dante.

Mai Sauraro ya sake amsawa:

Madalla da wannan ƙari, ɗan'uwa. Bari in cike da Petrarka, tun da da sunansa ƙanwarmu ta yi tambaya, kuma a kansa dole in ba Malam gaskiyarsa.

Petrarka, wanda ya rayu daga 1304 zuwa 1374, mutum ne mai son kiɗa. Babban amininsa Ludwig van Kempen mawaƙi ne a gidan Kadinal Giovanni Colonna a Avignon, ya yi musayar wasiƙa da Philippe de Vitry, jagoran sabon salon kiɗa na Faransa, kuma a wasiyyarsa ta 1370 ya bar wa Tommaso Bombasi na Ferrara liutonsa mai kyau, da sharaɗin ya kaɗa shi don yabon Allah, ba don holewar duniya mai wucewa ba. Duk da haka, a cikin waƙoƙi 366 na diwaninsa, 317 sonetto ne, 29 canzone, 9 sestina mai baitoci masu ɗango shida, ballata 7 ce kawai, gajeriyar waƙar da ake kira madrigale kuma 4. Nau'o'in da makaɗan zamaninsa suke nema su ne mafi ƙaranci a wurinsa, kuma kari guda ne tak ya iso gare mu wanda aka ɗora wa waƙarsa yana raye, shi ne na Jacopo da Bologna a kan madrigale *Non al suo amante*, a wajajen 1350.

Makaɗan ƙarni na 14 sun riga sun sami hanyar rubuta kiɗa mai murya biyu ko uku da awon lokaci daidai, kuma gajerun waƙoƙi masu sauƙin ma'ana suka fi so, domin su sami filin jan murya. Francesco Landini na Fulorans, wanda agana ta makantar tun yana yaro, ya zama makaɗin ogan a cocin San Lorenzo har rasuwarsa a 1397, ya bar ballata kusan 140, mafi yawansu na soyayya. Kundin Squarcialupi, da aka yi a Fulorans a wajajen 1410 zuwa 1415, ya tara waƙoƙi fiye da 350 na wannan zamani da karinsu da hotunan makaɗansu. Sai a ƙarni na 16 ne makaɗa suka yi rububin sonetto da canzone na Petrarka, bayan Pietro Bembo ya yi bayanin nauyi da zaƙin sautin baitocinsa a littafinsa na 1525. A 1599 Luca Marenzio ya ɗora kari a kan sonetton nan da Malam ya warware mana, ya sa muryar sama tana hawa da ƙaramin taku, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, wato ya fito da tafiyar da ta riga ta kasance a cikin ɗangon.

Ƙanwata, karin Jacopo da na Marenzio duka ana samun su a intanet. Ki fara da na Jacopo, ki riƙe kalmomin a gabanki, ɗango takwas ne kawai. Za ki ji muryoyin biyu suna jan gaɓar farko ta ɗango da tsawo, sannan su furta na tsakiya tare a sarari, su sake ja a gaɓar kusa da ƙarshe, wato ta goma, daidai inda awon ɗangon ya wajabta murya ta danna.